Na Fita da Aka Zo Maganar Makarantarku

Talata, 14 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma, a kan benci a ƙofar ɗakin taro.

Yaya,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ya ƙafar Inna, ta fara takawa? Ni lafiya ƙalau, sai dai jiya abinci bai shiga ba.

Ka san masu rubutun sa-kai sun zaɓe ni cikin kwamitin amintattu na gidauniyarmu, mai kula da kundin ilimi na intanet. Jiya na ga makarantarku cikin masu neman kwamfutoci, da sa hannunka. Dokarmu ta hana mamba jefa ƙuri'a a kan buƙatar ɗan'uwansa. Tsorona shi ne a soke buƙatarku saboda ni, ni ma a sallame ni.

Yau a taro, da aka zo kanku na miƙe na ce, “Shugaban makarantar nan uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya.”

Shugabar kwamiti ta yi dariya ta ce, “Samun yaya ba laifi ba ne, auta. Ɗauki shayinka ka jira a waje.”

Ba a soke buƙatarku ba, kujerata ma tana nan. Alhamdulillahi. Ka yi mini addu'a, ka kuma gaya wa Kawu, da yake ta neman in sama masa aiki, cewa mamba ba ya ba da aiki.

Abin da ban sani ba tukuna: ko za a ba ku; ko ranka zai ɓaci don ban sa baki ba; da yadda za mu fahimtar da Inna cewa an zo maganar yayana, ni kuma na tashi na fita.

Ƙaninka.