Karen da Aka Bar Mini

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Ya ƙafar Inna?

Masu gidan da nake aiki a unguwar Ruwais, nan Jidda, sun yi tafiya, sun bar ni da karensu, ƙato kamar maraƙi. Da, in yawunsa ya taɓa zanina har kuka nake wajen wanki. Yanzu ya tsufa, ƙafafun baya sun ƙi, da tawul nake tallafo cikinsa ya miƙe.

Likita ya ce ba zai kai babbar salla ba. Yaya, wata biyu ke nan ba wanda na yi wa Hausa sai karen nan.

Kada ki gaya wa Inna. Ki dai ce ta sa ni a addu'a. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Rabi, Jidda