Manya sun sayar, ni kuma ina da kujera a layi na uku

Ya mai wannan fili, ki taimaki tsoho da shawara. Shekaruna tamanin da uku. Matata ta rasu shekara tara ke nan, ɗana yana Osaka, yakan buga waya in ya tuna. Gwiwoyina ba su cika kai ni ko'ina ba sai ɗakin karatun unguwarmu, shi ma da sanda.

Kin san duk babban asusun zuba jarin da ya mallaki fiye da kashi biyar cikin ɗari na hannun jarin kamfani, dole ya sanar da hukuma. To, tun da na bar aikin gidan waya, waɗannan rahotanni nake bi. Ma'aikaciyar ɗakin karatu ta buga mini su a takarda, don ni da na'ura ba ma ga maciji, in kwafe da alƙalamin tawada yadda aka koya mana. Akwai asusu ɗaya, Kirimine, da na riƙa tamkar malamina. Sun saya in saya, sun sayar in sayar, gwargwadon abin da fansho ya bari. Shekara goma sha ɗaya ban saɓa musu ba. Kowace sabuwar shekara nakan aika wa ofishinsu katin gaisuwa. Ba su taɓa amsawa ba, amma na san aiki ne ya yi musu yawa.

Makon jiya rahoto ya nuna sun zubar da yawancin jarinsu na wani ƙaramin kamfanin ganyen shayi na garinmu. Bisa ƙa'idata, sai in sayar da nawa guda ɗari uku. Amma in ƙarshen Maris ya zo babu sunana a rajista, ba za a aiko mini da gayyatar taron masu jari na watan Yuni ba.

Ba don ƙunshin shayin da ake rabawa a taron nake faɗa ba. Akwai wata dattijuwa, Uwargida Shigeno, ita ma mijinta ya rasu. Shekara bakwai muna zama tare a layi na uku. Kullum ina makara saboda matakala, sai in tarar ta ɗora jakarta a kujerar gefenta. Da ta hango ni sai ta ɗauke, ta ce, "Jelar attajirai, bana ina kan ya nufa?" Bara ta ce kwat ɗina ta girmi shugaban kamfanin. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. In an tashi, mu ci taliya mai sanyi kusa da tasha, kowa ya rusuna, sai baɗi. Ban san inda take zaune ba. In na tambaye ta ai sai ta ga kamar ba ni da kamun kai.

In sayar ko in saɓa wa malamaina?

Tsoho mai sanda, Shizuoka

*

Baba, sannu da ƙoƙari, kuma rubutun hannunka ya kunyata duk ofishinmu.

Ban raina ƙa'idarka ba. Ita ta hana ka bin jita-jita, kuma mai yiwuwa Kirimine sun hango abin da mu ba mu gani ba. Sai dai rahoton da ka kwafe labarin abin da ya riga ya wuce ne, kuma su kuɗin jama'a suke juyawa, da dalilan da ba naka ba. Ba za su ji ciwo ba in ka saɓa musu. Ka yi haƙuri, Baba, ba su ma san suna da ɗalibi ba.

Guda ɗari sun isa a gayyace ka. In zuciyarka ba ta kwanta ba, sayar da ɗari biyu, malamai sun sami nasu. Sauran ɗarin kuwa ka bar su, ko da farashi ya sauka. Ba jari ba ne, kuɗin kujera ne.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, mutumin da ba ya barin ɗigo ɗaya ya wuce shi a rahoton manya, an yi shekara bakwai ana ajiye masa rahoto a fili, a kan kujera, bai karanta ba. Mace ba ta tsare wa kwat mai tsufa haka wuri don son shayi.

Ranar taro ka fita da wuri, ka riga ta, ka ɗora sandarka a kujerarta. Kafin taliya ta ƙare ka nemi adireshinta, ka ce na katin sabuwar shekara ne, wannan ba ya zubar da girman kowa. Amma kada ka jira sabuwar shekara. A shekarunku, sau ɗaya a shekara rowa ce.

Katin Kirimine kuwa, bana a sake masa adireshi. Ina yi wa gwiwoyinka fatan ƙarfi, kuma a kai kwat ɗin guga.