Rezar da Ta Zame Ranar Juma'a

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfina.

Ƙarfe sha ɗaya da kwata na safiyar wata Juma'a, mako bakwai ke nan, na zauna yanke wa kakana farce kafin ya tafi masallaci. Hutu na zo gida Badafi, idonsa ya yi rauni, ni ce mai yi masa. Reza ta zame ta ɗan yanke shi a gefen babban yatsa. Ko motsi bai yi ba, bai ji ba sam, jinin ma ɗigo ɗaya ne. Na goge na yi shiru, ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu.

Wurin bai warke ba. Kullum ina auna shi da rula ina rubutawa a bayan littafina, da farko kamar ƙwayar dawa, yau ya kai murfin kwalba. Yatsan ya yi baƙi, ƙafar sanyi ƙalau ko da rana tsaka, ga wari ya fara. Da ma ya daɗe yana kukan ƙwaurinsa na ɗaurewa in ya ɗan yi tafiya.

Baffa Sale, babban ɗansa, ya ce sammu ya taka a gona, ya kuma ɗora wa Malam Buba, makiyayin da suka yi rigima kan hanyar shanu bara. An daina gaisawa, an hana mu sayen nononsu. An ɗauko mai magani daga Doguwa, ana ta turare da shafe-shafe. Baffa ya rantse ba asibiti, wai can yanke ƙafa kawai suka iya. Yanzu kuma samarin gidanmu sun fara zancen zuwa rugar Malam Buba su rama.

In na faɗa, za a ce ni na nakasa tsoho. In na yi shiru, ban san wa za a fara rasawa ba. Ta ina zan fara, wa zan fara gaya wa?

Jiya na saci jiki na je ƙaramin asibiti a Dangora, na nuna wa wata ma'aikaciyar jinya hotunan ƙafar da littafina, na tambaye ta ko ni ce sila. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “'Yata, ba rezarki ba ce, jini ne ba ya isa ƙafar, ko ƙaya ce haka za ta yi. A kai shi babban asibiti a Kano cikin satin nan. Yau zancen yatsa muke yi, in an jinkirta zai koma na ƙafa. In kika ƙara yin shiru, shirun ne zai zama laifinki.”