Duk Tunkiyar da Ta Mutu Tawa Ce, Wadda Ta Haihu ta Babikir

Zuwa ga Shaihun hillarmu, Alhaji Usman, da dattawan Jam'iyyar Kiwo ta wannan hilla tamu, ƙauyen da ke gefen Abu Hujar.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku, ni ne Idrisa ɗan Malam Bello, na gidan da ke bayan masallaci ta wajen kogi. Na roƙa a karanta wannan takarda bayan sallar Juma'a a gaban kowa, don na gaji da yi muku magana a kunne kuna ce mini in yi haƙuri. Maganar tumakina ce da ke hannun jam'iyya. Gwiwata ta hagu ta gama aiki, likita a Sinja ya ce in bar aikin sunkuyo, ni kuwa ba ni da fansho, ba ni da hawasha tawa, wato gonar ban ruwa. Abin da na tanada don irin wannan rana shi ne tumakin nan, kuma yau ban san ko ina da su ba.

Na ɗaya, yadda aka fara. Shekarar da aka sake rufin masallaci, ni da Babikir, ɗan wan mahaifina, muka dawo daga yankan riɗi a Gadarif a mota ɗaya, abin da ke aljihunsa shi ne a aljihuna. Mun ga yadda jine, kuɗin ƙasar nan, ke narkewa a hannun masu ajiye shi a akwati, muka ce kuɗi ba ya haihuwa, tunkiya kuwa tana haihuwa. Kowa ya sayi tumaki mata huɗu a kasuwar Abu Hujar, rana ɗaya, wajen dillali ɗaya. Ni na ma zaɓar masa nasa, don a lokacin Babikir bai iya duba haƙorin tunkiya ba. Muka kawo muku, kuka zuba su a garken hilla wanda Malam Dikko makiyayi ke tafiya da shi kudu duk damina. Tun daga nan ban taɓa fashin kuɗin gishiri ko na allura ko ladan makiyayi ba, ma'ajinku yana nan zaune, a tambaye shi.

Na biyu, shaida. Kun san kowane gida a hillar nan yana da yankan kunnen da kakanninsa suka zo da shi daga ƙasar Sakkwato. Namu tsaga biyu ce a kunnen dama da huda a na hagu. Kakana shi ne kakan Babikir, saboda haka wuƙa ɗaya ta yi wa nawa da nasa shaida iri ɗaya. Ranar da ake yi na ce ko a ƙara wa nawa wata 'yar alama. Marigayi Baba Sanda, wanda ke shugabancin jam'iyya a lokacin, ya harare ni ya ce, "Idrisa, kana so ka raba kunnen kakanka biyu?" Aka yi dariya, na bar maganar. Ku dattawa da yawanku kuna wurin. Ba wanda ya tuna cewa tumakin nan a daji suke haihuwa, kuma kafin garke ya dawo hilla 'ya'yan sun bar nono, ba su bin uwa, balle a gane na wa ne.

Na uku, ƙidaya. A al'adarmu ba a ƙirga dabba a fili, wai albarka na tashi, wai baki na kama ta. Ni ma a kan haka na tashi. Duk shekara idan garke ya dawo nakan kai wa Malam Dikko sukari da kofi, mu sha jabana, wato dafaffen kofin, in tambaye shi ya dabbobi. Ya ce suna nan lafiya, Masha Allah. In ce Masha Allah. Halas, shi ke nan, wannan shi ne duk bayanin da nake samu a kan guminmu na shekara da shekaru. Ban zargi Malam Dikko ba, mutum ne mai tsoron Allah, kuma shi kunne yake gani, kunne kuwa na gidan Malam Bello da wansa ne. Idan na matsa ya ce naku suna da yawa. Naku, ba naka ba. To, ni da wa?

Na huɗu, kuma nan ne zuciyata ke zafi. Babikir bai tsaya ga Masha Allah ba. Lokacin haihuwar tumaki, sa'ad da nake can duƙe a hawashar wani a Suki ina yi masa cirar ciyawa, shi sai ya hau abin hawa ya bi garke har mashekari. Ya tsaya a kan ɗan tunkiya yana shan nonon uwarsa, ya ɗauki hoto da waya, ya shafa masa jan fenti a gadon baya. Duk wanda ya shafa wa fenti ya zama nasa, kuma yana da hoton da zai nuna. Wanda bai shafa wa ba, in ya rayu na gida ne, in kura ta ɗauke ko ciwon huhu ya kashe, sai a ce ai cikin marasa fenti ne, wato nawa. Shekara da shekaru haka: duk tunkiyar da ta mutu tawa ce, wadda ta haifi tagwaye ta Babikir. Ku da kuka hana ni ƙarin tsaga ɗaya a kunne, ba wanda ya ce masa uffan a kan gwangwanin fenti.

Ban ce ya yi sata ba, kada a kai masa abin da ban faɗa ba. Amma uwar da ya ɗauki hotonta, wa ya tabbatar tasa ce ba tawa ba, alhali kunnensu ɗaya?

Zan faɗi abin da ke raina tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wallahi ina jin haushin Babikir, ina kuma kishin abin da ya samu. Na san za ku ce hassada ga mai rabo taki ce, na ji, amma ku zo ku zauna a ƙofar gidana ku kalli abin da nake kallo kullum. Ya rushe ginin laka ya yi na jan bulo. Ya ɗora faranti masu ɗaukar hasken rana a rufinsa, yana sayar da ƙanƙara, yana cajin waya. Ya saya wa ɗansa raksha, babur mai ƙafa uku, tana kai mutane kasuwa tana dawowa da kiɗa. Duk daga raguna ne da yake kaiwa kasuwa gabanin Layya. Matata Hajara ita ke zuwa gidansu da kwano ta sayo ƙanƙara da azumi. Idan ta dawo takan daɗe tana gyara tsohon mayafinta, saboda ta ga sabon taub ɗin da matar Babikir ta lulluɓa da awarwaronta na zinariya. Mutumin da na koya wa duba haƙori, yau shi ake kira ya ba matasa shawara a kan yadda ake tanadin gaba, yana zaune a kujera yana latsa waya yana nuna musu wadda ta haihu bara da wadda za ta haihu bana. Ni kuma idan yarana suka tambaye ni tumakinmu nawa ne sai in ce ba a ƙirgawa.

Layyar da ta wuce raguna biyu ya yanka, ya aiko mana da cinya guda. An gode, zumunci ya yi. Na ci naman nan ina tunanin ko jikan tunkiyata ne aka aiko mini da ƙafarsa sadaka.

Na biyar, da fitinar yaƙin nan ta iso yankinmu muka watse, Malam Dikko ya tsere da garke, Allah ya saka masa da alheri, ya dawo da abin da ya dawo da shi. Kuka zauna kuka ce kowane gida ya ɗauki asararsa. A gidanmu masu fenti sun dawo kusan duka, don haka asarar ta faɗo a kaina ni kaɗai. Da na zo wurinka, Shaihu, ka ce magana ce ta cikin gida, in je mu sasanta da ɗan'uwana. Da ana karɓar kuɗin allura ba a ce magana ce ta cikin gida ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. A fito da duk dabbar da ke da shaidar gidanmu, mai fenti da mara fenti, a tsayar da su a fili gaban liman, a ƙirga su da Bismillah. Idan baki zai kama su, ya kama, na yafe. Malam Dikko ya faɗi abin da ya sani na kowace uwa, Babikir ya kawo hotunansa, dattawa su raba mana bisa adalci. Abin da ya zama nawa, ko tunkiya biyu ce, a yi mata shaida tawa ni kaɗai. Sannan daga yau duk wanda ya ba jam'iyya dabba a riƙa gaya masa duk dawowar garke abin da ya haihu, abin da ya mutu, da abin da ya rage, don kada wani ya kai shekaruna yana tsammanin yana da ajiya alhali addu'a kawai yake da ita.

Ina roƙon a yi wannan kafin motocin yankan riɗi su tashi zuwa Gadarif. Mai ɗibar ma'aikata ya zo ƙofata, ya kalli gwiwata, ya ce zai ɗauke ni a rabin lada saboda sanayya. Na ce ya ba ni kwana kaɗan. Idan kun ƙirga aka ce ina da abin da zai riƙe ni da Hajara, zan ce masa ya tafi. Idan kuka yi shiru, zan ɗaure gwiwar da tsumma in hau, kuma ku sani da saninku na hau.

Allah ya ƙara wa Shaihu lafiya da tsawon rai, ya ba dattawa ikon faɗin gaskiya ko a kan wa ta faɗa. Allah ya sa wa dukiyar Babikir albarka, ya cire mini abin da nake ji a kansa, ya kuma nuna mini tawa da idona.

Wassalam.

Naku,
Idrisa ɗan Malam Bello