Kalangu a Ƙofar Ɗakin Iya

Rano, Talata, Oktoba 1959

Aikin farko yau: dafa allurai. Ban gama ba Jumai ta iso.

Zuwa ga Yaya Mato a Durba. Gaisuwa da fatan alheri. Bayan haka, ƙanwarmu Jumai ta ce maciji ya sari Iya a ƙafa a gonar gyaɗa tun ran kasuwar Kibiya, kuka ɗauko Gwadabe mai kalangu don kada ta runtsa. Kumburin ya sace, amma yanzu tana ganin kaji a rufin ɗaki, tana kiranka da sunan marigayi Baba.

Yaya, wannan ba dafi ba ne, aikinku ne. A makarantar malaman asibiti an koya mana cewa ƙwaƙwalwa ƙananan jijiyoyi ce masu miƙa wa juna saƙo. Barci ke mayar musu da ƙarfi. In aka hana su, sai su rikice, su riƙa kai saƙon ƙarya. Ku sallami makaɗin nan yau.

Ƙanenka,
Shitu

Durba, Laraba

Shitu, muna amsawa. Wanda igiyar ƙasa ta taɓa, in ya kwanta, dafi kai yake hawa. Kiɗa aka yi wa Kawu, ga shi yana noma. Ishiyaku kuwa da ta taɓa shi aka bari ya yi barci, da kai aka ɗauki makararsa. Kana Rano kana dafa allura, kana zagin masu jinya. In ka isa, zo ka kwantar da ita da hannunka, alhakin a wuyanka.

Wassalam,
Mato

Durba, Alhamis

Lami, ina gaishe ki da yara. Na iso da azahar a keke. Na tarar an tallafe Iya a zaune, ana yayyafa mata ruwa, tana roƙon a bar ta don Annabi. Na fizge kalangun daga hammatar Gwadabe. Yaya ya ce in ta tafi kada in sake tako gidan nan.

Na duba ƙafar, na duba dasashinta, jini ba ya tsatsowa. Ta yi barci kafin in gama gyara mata matashi. Har yanzu ba ta motsa ba. Abin da na rubuta wa Yaya na tabbata da shi a Rano. A nan, Ishiyaku nake ta tunawa.

Gobe:
wanke ƙafar da ruwan gishiri
mayar wa Gwadabe kalangunsa
gyara tayar keke ta baya
kunun tsamiya, in ta farka

Mijinki,
Shitu