Sallamar Da Ban Amsa Ba

Zuwa ga sanyin idanuna, farin watan da nake duban kwanakina da shi, inuwar da nake gudu gare ta idan rana ta take, ruwan farko da ke sauka a kan busasshiyar ƙasar zuciyata. Zuwa ga Malamata, abar ƙaunata.

Gaisuwa gare ki mai yawan ganyen damina. Ina fata kina lafiya, ke da ɗalibanki masu surutun tsiya. Ina fata idanun Baba, mahaifinki, suna samun sauƙi. Ni kam kada ki tambayi tawa lafiyar, don in na ce miki lafiya lau na yi ƙarya. Tun Asabar ɗin nan abinci ba ya wuce min, barci ya ƙaurace wa idona, na kira wayarki har yatsana ya gaji, ba ki ɗauka ba. Na san abin da za ki ce da zarar kin ga takardar nan: "Ga shi nan kuma, ya sake ɓoye bakinsa a bayan biro." Ki faɗa, kin yi gaskiya. Amma ki karanta, don girman Allah, ki karanta har ƙarshe.

Kin tuna ranar da muka fara haɗuwa? Ita ma Asabar ce, a shagon maganin nan mai koren ƙofa. Na shigo da ƙyalle naɗe a wuya, na miƙa wa mai shago guntuwar takardar da na rubuta abin da nake so. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya kasa karanta rubutuna. Kina tsaye a bayana, tausayi ya kama ki. Kika karɓa kika karanta masa, sannan kika juyo kina yi min bayanin maganin da hannu, kina wangale baki yadda ake yi wa wanda ba ya ji. Ni kuwa na yi ta gyaɗa kai kamar mutumin kirki, don ban taɓa ganin idanu irin naki ba, kuma ban so bayanin ya ƙare. Har bakin titi kika raka ni, kika tsayar min da mota. Ba a daɗe ba kika zo bikin ƙawarki, kika tarar da bebenki tsaye da gurmi a hannu yana tsaga ɗakin taro da murya. Wayyo, kallon da kika yi min! Da aka tashi kika zo kika tsaya gabana, kika ce, "Malam bebe, ashe an samu sauƙi? Lallai maganin nan yana da kyau." Dariyar da muka yi ranar har yau tana cikin haƙarƙarina.

A nan na yi miki bayanin yadda aikina yake, kuma kika ce kin gane. Mu mawaƙa, hutun mutane shi ne ranar guminmu. Maƙogwaro shi ne shagona, shi ne gonata, ba ni da wata. Juma'a da safe 'yan amshina suke taruwa a ɗakina mu yi gwaji, mu yi gardama a kan baiti ɗaya har shayi ya huce. Da la'asar ta yi sai in rufe bakina ruf. Haka tsohon da ya koya min waƙa ya hore ni, ya ce muryar da na ɓatar a hira da rana ba zan same ta a gaban jama'a da yamma ba. Asabar kuwa kin san ta. Taga a rufe, fanka a kashe ko da zafi zai narkar da ni. Tukunyar ruwan zafi a gabana, tawul a kaina, ina shaƙar tururi. Zuma da citta a filas, ba ruwan sanyi, ba abin da ya ga mai. In goge rigar wasa, in ɗaura wa gurmi sabuwar tsirkiya, in yi ta juya baitoci a raina ba tare da leɓena ya motsa ba. Maƙwabta sun saba, in sun gaishe ni hannu nake ɗaga musu. Kurma, makaɗina, wanda ganga ta cinye masa kunne ɗaya, shi ne bakina a ranar. Duk wanda ya zo shi ke amsa masa, da ihu, kuma rabin abin da yake amsawa ba shi aka tambaye shi ba.

Lahadi in farka rana ta yi sama, murya a dishe kamar tsohuwar ƙofar langa-langa. In wanke kayan wasa, in sa gurmi a rana fatarsa ta ɗame, sannan in zo in ɗauki jakarki in raka ki tasha, kina ta ba ni labarin ajinki, ni ina gyaɗa kai. Ga makarantarki da nisa. Sai Juma'a da yamma kike dawowa gida, Lahadi ki koma. Wato duk abin da kike samu daga gare ni, ko dai shiru, ko ragowar da jama'a suka bari. Kin taɓa cewa, "Duk garin nan sun san muryarka, ni kaɗai na san shirunka." Wallahi na ɗauka yabo ne! Na yi ta jin daɗi, har na so in sa shi a waƙa. Ashe kuka kike yi min a cikin dariya, ni da nake taƙama da kunne ban ji ba. Wata rana kuma a tasha kika ce, "Ka rera min kana sona ya fi a ƙirga, amma ba ka taɓa zama a gabana ka faɗa min ba. Rerawa ta kowa da kowa ce." Nan ma murmushi na yi, na nuna miki maƙogwarona.

Sai ga Asabar ɗin da ta wuce. Ki bari in gaya miki yadda ta kasance ta ɓangarena, don ke daga bakin ƙofa kika gan ta.

Kin kai Baba asibiti an yi masa aikin ido, an rufe idanun duka biyu da auduga. Hanyar komawarku ta biyo ta layinmu, kuma kin ce shi da kansa ya ce, "Mu biya in ji mutumin nan da kike yawan ba ni labarinsa." In ji, ya ce, ba in gani ba. Dattijo kamar Baba, ya sauke girmansa ya tako har ƙofar ɗakina! Wa ya taɓa yi min irin wannan karamcin? Kurma ya fita ɗauko ganga. Ni ina ƙarƙashin tawul, bakina cike da ruwan gishiri, sai na ji sallama. Na yaye tawul na gan ku tsaye, hannunsa a kafaɗarki. Na zube ƙasa, na dafe ƙirji, na sunkuyar da kai. Duk ladabin da mahaifiyata ta koya min na zuba shi a gaban mutumin da ba ya ganin komai. Ya sake yin sallama. Na haɗiye ruwan da ƙyar na buɗe baki, sai wannan mugun sabo ya riga ni, raɗa ce ta fito. Leɓena ya motsa, amma sautin ko gwiwata bai kai ba. Kika zaro min ido, kika ce a hankali, "Ko yau ma?" Baba ya karkata kai yana saurare, ya jira, ya ƙara jira. Sannan ya ce, "'Yar nan, mu tafi. Ko dai babu kowa, ko mai ɗakin ba ya son baƙi."

Na biyo ku har bakin titi ba takalmi, hannuwana suna ta bayani a bayan mutanen da suka juya min baya. Me ya hana ni ɗaga murya? Me ya riƙe min harshe? Kalma nawa ce amsar sallama, da har zan yi rowarta? Na tambayi kaina har kaina ya yi ciwo, kuma ba zan yi miki ƙarya ba: akwai wani lungu a raina da yake tuna min da taron yamma. Na ji shi, na tsaya sauraronsa, kafin in farga mota ta tashi da ku.

Abin da ya ƙarasa ni kuwa shi ne wanda kika gaya min a waya washegari, kafin ki daina ɗauka. Na manta sam cewa ɗakin taron da muka yi wasa a bayan gidanku yake. Baba yana zaune a tsakar gida ana masa fifita, lasifika ta tsallako da muryata ta kan katanga. Ya tambaya wane ne, kika faɗa masa. Ya saurara har waƙar ta ƙare, sannan ya ce, "Allah ya yi masa murya. Ashe mu ne ba mu kai a kashe mana ita ba. Kada ki sake kawo min maganarsa." Kika ce min ke ba za ki auri wanda ya bar sallamar mahaifinki a ƙasa ba. Kika kashe wayar, kika tafi tasha ke kaɗai, da jakarki a hannunki.

Ya raɓar safiyata, ya iskar da ke riga ruwa isowa, ina zan sa kaina? Wa zan yi wa waƙa in ke kin toshe kunne? Me zan yi da tafin mutanen da ba su san ko na ci abinci ba? Na ɗauki gurmi jiya, na taɓa tsirkiya, sai na ji kamar wani ne yake kaɗawa a ɗakin maƙwabci. Na adana murya shekara da shekaru kamar mai ɓoyon hatsi, ga rumbu cike, ga wadda nake so ta tafi da yunwa! Ina jin tsoro, Malamata. Ban taɓa jin tsoron taro ba komai girmansa, amma yau ina tsoron Juma'a ta zo ki sauka daga mota ki wuce layinmu ba ki waiwaya ba. Ina tsoron wani mai baki, wanda ba ya iya rera ko baiti ɗaya, ya zo ya gaida Baba da ƙarfi a ba shi tabarma. In haka ta faru ban san yadda zan ƙara tsayawa gaban mutane in yi waƙar soyayya ba.

To ki ji abin da na yanke. Asabar mai zuwa muna da taro mafi girma da aka taɓa kiran mu. Na gaya wa babban ɗan amshina ya shirya, shi zai ja waƙa in ta kama. Kurma ya dafe kai, ya daka min tsawa har maƙwabta suka leƙo: "Ka haukace ne? Mutum ya yi ta haƙuri sai ranar cin moriya ya zubar? In muryar ta fashe fa?" Na ce masa ta fashe, in dai a ƙofar gidansu za ta fashe. Bai ji ba, sai da na maimaita masa a kunnen mai kyau. Sannan ya ce, "To ka sa takalmi wannan karon."

Zan zo da hantsi, lokacin da Baba yake zama a bakin ƙofa yana shan iska. Ba gurmi, ba 'yan amshi, ba ƙyalle a wuya, ba zuma a aljihu. Zan tsaya inda kowa zai gan ni, in yi sallama da dukan abin da Allah ya sa a ƙirjina. In ya amsa, zan durƙusa in ba shi haƙuri da bakina, in gaya masa ni wane ne, ɗan wane ne, da abin da nake nema a gidansa. In ya yi shiru, hakkinsa ne, ni na fara. Zan jira kamar yadda ya jira, in sake yi. In rana ta faɗi bai amsa ba, zan dawo wata Asabar ɗin, da wadda ke bin ta, har jama'a su manta an taɓa yin wani mawaƙi mai kama da ni.

Ban ce ki roƙa min shi ba, kada ki saka kanki tsakanina da fushinsa. Abu ɗaya nake roƙo, ina roƙon sa da hannu biyu: ki dawo gida Juma'ar nan kamar yadda kika saba, kuma idan kin ji ni a waje kada ki kama hannun Baba ki shigar da shi ciki. Ki bar shi ya ji ni. Ke ma ki tsaya bayan ƙofa, don in na gama da shi akwai maganar da zan faɗa miki, faɗa ba rerawa ba, a gaban duk wanda ke wucewa. Muryar za ta yi rawa, na sani, don ba ta taɓa fita ranar Asabar da rana ba, kuma ba ta saba tafiya ba kiɗa a bayanta ba. Ki yi haƙuri da ita. Ita ke nan gare ni, kuma duka zan kawo.

Naki ke kaɗai, da murya ko babu ita, yau da gobe, har ranar da za a rufe bakin nan rufewar ƙarshe,

Mawaƙinki