Idon Babanki Ya Yi Fari

Nairobi, watan Yuni

Kwamboka,

Kada ki karanta wasiƙar nan a tsaye, kada ki karanta ta a gaban ɗalibanki, kuma in kin gama kada ki bugo mini waya kina kuka. Gwaggonki Nyaboke tana manne da ni a asibitin nan, duk abin da na faɗa a waya a kunnenta yake sauka. Shi ya sa na ɗauki biro.

Bayan haka, ina gaishe ki, da fatan kina lafiya. Yaya zafin Lodwar, yaya yaran makaranta? Ina fata kina dafa abinci, ba shayi da burodi kawai ba kamar yadda kika saba.

Ciwon babanki ba shawarar da ake sha wa ruwan rake ba ce. Tun farkon damina yayanki Ombati yake matse masa rake, idon sai ƙara rinewa yake kamar gwaiduwar ƙwai. Fitsarinsa ya koma kamar shayin da ba madara. Ƙaiƙayi kuwa, da totuwar masara yake susa har jini. Mutumin da yake tsayawa gaban coci ran Asabar ko hancinsa ba ya taɓawa.

Likitar da ke duba shi mace ce, ba ta girme ki da yawa ba. Ta ce ƙari ne, mugu, a bayan tumbi. Ya danne hanyar da ruwan maɗaciya ke bi daga hanta zuwa hanji, ruwan ya rasa mafita ya koma cikin jini. Sun gwada buɗe hanyar ta wajen hanji, suka tarar ƙarin ya tare ƙofar. Sai suka ce za su huda gefen cikinsa su sa tiyo, ruwan ya riƙa zuba a jaka a waje.

Babanki ya ce, "Ni, dattijon coci, in riƙa yawo da jaka a ƙugu kamar kwandastan motar haya ta matatu? Maman Ombati, miƙo mini takalmina."

Na ce, "Suna ƙarƙashin gado, in kana iya sunkuyawa."

Bai iya ba.

Da likitar ta gama dariya ta ce akwai hanya ta uku, ba ko'ina ake yi ba. Za a sa shi barci, a zura tiyo ta baki zuwa tumbi. A kan tiyon akwai na'urar hoto irin wadda ake duba mai ciki da ita, tana ganin hanta ta jikin tumbi. Da ita za su nemo hanyar da ta kumbura, su soka allura daga ciki, su bar ɗan bututun ƙarfe wanda zai riƙa zubo ruwan cikin tumbi. Ba yanka, ba jaka. Babanki ya yarda. Mako mai zuwa za a yi.

Na bi ta har bakin ƙofa na ce, "'Yata, kada ki yi mini zaƙin baki. Zai warke?"

Ta ce, "Mama, ƙaiƙayin zai tafi, idon zai washe, zai ci abinci. Amma ƙarin yana nan, kuma ya bazu. Duk mai son ganinsa ya zo yanzu, yana iya hira."

Saboda haka ki je wurin shugaban makarantarku ki nemi izini. Aikin da ba zai sake ki ki ga ubanki ba, ba aiki ba ne.

Ki gaida abokan aikinki. Allah ya tsare ki.

Mahaifiyarki,
Yunuke Bosibori

Kebirigo, watan Yuli

Kwamboka,

Ina gaishe ki. Yaya aiki, yaya jikinki? Mu muna gida, ruwa na sauka, ganyen shayi ya yi toho sosai a gonarmu bana.

An yi aikin lafiya. Da ya farka sai ya ɗaga riga yana laluben cikinsa, ya ce, "Yaran nan ba su yi komai ba, barci kawai suka sa ni." Kafin mu bar Nairobi ya daina susa. Da muka dawo gida idon ya yi ta washewa har ya yi fari. Ya nemi ugali, tuwon masararmu, da ganye. Ya dogara sanda ya shiga gonar shayi yana yi wa masu tsinka faɗa, wai suna haɗa tsohon ganye da sabo. Na tsaya ina kallonsa ta taga, na gode wa Allah, kuma na gode wa yarinyar nan likita, don abin da ta yi alkawari ta cika shi.

Amma mutanenmu abin da suka gani a ido shi ne ciwon. Tunda rawaya ta tafi, a wurinsu ciwo ya tafi. Coci ta yi addu'ar godiya, washegari aka yanka akuya, gwaggonki ta yi guɗa har muryarta ta dushe.

Na ja Ombati bayan kicin na tuna masa abin da likita ta ce. Ashe Nyaboke tana bayanmu. Ta ce, "Yunuke, mutum yana tauna nama kina auna masa kabari? Me kika sani wanda mu ba mu sani ba?"

Kin san abin da tambayar nan take nufi a ƙasarmu in an yi wa mace mai furfura. Kin san an ƙona wa tsofaffi gidaje da zargin maita a kan abin da bai kai wannan ba. Ombati ya sunkuyar da kai ya koma wurin nama. Tun ranar, in na shiga ɗaki da kunun babanki, sai ta karɓa ta ɗanɗana tukuna.

Na ji lokacin da kika kira shi ta wayar hoto. Na gan shi ya sa yatsa ya buɗe ido a gaban wayar yana cewa, "Duba, fari tas! Ki zauna ki gama zangon, 'ya'yan mutane suna da jarrabawa." Na kuma ji dariyarki.

Ya sani, Kwamboka. A gabana likitar ta gaya masa kafin a sallame mu. Da na tambaye shi don me ya hana ki, ya ce, "In ta bar aji ta taho a tsakiyar zango, duk Kebirigo za ta san abin da ya kawo ta. Bar ni in sha iska tukuna, kafin a fara zuwa mini da fuskar jana'iza."

Ni ke wanke kwanonsa. Rabin ugalin kare ke cinyewa a ƙarƙashin tebur. Ni na ƙara wa bel ɗinsa huda, na sake ƙarawa. Bututun nan da aka sa masa, ruwa yake fitarwa, ba ƙari ba.

Na haife ki ki yi biyayya ga ubanki, amma wannan karon ki saɓa masa. Ki taho.

Mahaifiyarki,
Yunuke Bosibori

Kebirigo, ƙarshen Agusta

'Yata Kwamboka,

Ina gaishe ki, ina yi miki ta'aziyya kamar yadda kika yi mini. Kin isa lafiya? Kina barci? Ki ci abinci ko ba kya so.

Kin tambaye ni a bakin kabari yadda ƙarshensa ya kasance, mutane suka yi yawa ban amsa ba. Bai sha wahala irin wadda na ji tsoro ba. Ƙarfi ne ya yi ta janyewa, ya daina fita gona, ya daina fita tsakar gida. Bai ƙara susa ba ko sau ɗaya, idon kuma fari har aka rufe shi. Da ya ga ya kasa tashi, shi da kansa ya ce wa Ombati ya kira ki. Kina hanya ya riƙa tambaya ko motar da kika shigo daga Kitale ta iso. In babur ya tsaya a bakin hanya sai ya ce in gyara masa wuyan riga. Da rana ya cika, ke kika iso washegari da safe.

Kin tafi ba ki yi wa yayanki sallama ba. Wannan ba tarbiyyar gidana ba ce. Gaskiya ne shi ya yi ta ce miki Baba ya warke, amma abin da yake so ya zama shi ya faɗa, kamar kowa. Ke ma wasiƙa biyu na aiko miki, kika bi muryar da ta fi daɗi. Ban faɗi haka don in ƙara miki ciwo ba. Muryar ubanki ce, ni ma shekarun aurena duka ita nake bi. Ki kira Ombati. Tun da kika tafi yake kwana a ɗakin babanku.

Da masu makoki suka watse na tara gidan a falo, har da gwaggonki. Ta ce yanzu ba lokacin magana ba ne. Na ce lokacin magana ya wuce, shi ya sa zan yi ta. Na ce wanda zai kira ni mayya ya kira, mijin da nake jin kunya dominsa yana kwance a kabari ƙarƙashin itacen ayaba. Nyaboke ta fashe da kuka, ta ce ita ƙanenta kawai take so ya rayu. Na ce na sani, zauna.

Ki gaida shugabanku da ya ba ki izini. Allah ya ba mu haƙuri gaba ɗaya.

Ga abin da na gaya musu a falon, ke ma ya hau kanki. Daga yau, duk wanda ya kwanta ciwo a gidan nan, abin da likita ya faɗa za a maimaita shi a falo, a gaban kowa, yadda ya faɗa. Wanda ya fi nisa shi za a fara kira, a buɗe muryar waya kowa ya ji abin da aka gaya masa. Ba mai cewa "da sauƙi" sai an faɗi wancan tukuna, ko da mai ciwon ne da kansa. Ranar da aka zo kaina, ke za a fara kira. Ki ajiye alli ki taho.

Mahaifiyarki,
Yunuke Bosibori